Babu Kowa a Hasumiya

"Da kunnena na ji," in ji Maman Judith. "Ba labari aka ba ni ba. Ya kira sunan cocinmu, ya faɗi lokaci, ya faɗi wata lamba. Da Turanci. Sau biyu."

Muna zaune a kan bencuna a ƙofar gidan Baba Ɗanladi, shugaban layinmu a Barnawa, da yammacin wata Asabar a farkon shekarar 2003. Maza tara ne, sai ita. Kicin ɗinta yana manne da katangar Malam Usman, tagarta tana kallon tagarsa, shi ya sa aka kira ta.

"Me ya ce daidai?" Baba Ɗanladi ya tambaye ta.

"Ya ce yana kan Cocin Albishir, ƙarfe huɗu da minti goma. Ya ce daga nan sai gada."

Shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, a cikinsu garin ya ƙone sau biyu. Bayan kowace gobara sai mutane su kwashe kaya, Musulmi su ƙetare kogi zuwa arewa, Kirista su ƙetaro kudu. Gida goma sha bakwai ne a layinmu. Musulmi ɗaya ya rage a ciki, Malam Usman, tsoho mai zaman kansa, wanda ya kafa wani dogon ƙarfe a kan rufinsa wata shida da suka wuce.

"Oga Ciyaman," in ji Uche, makaniken da ke haya a gidan ƙarshe, "mutumin nan ko bakin titi zai je sai ya huta sau biyu. Da me zai hau kan coci? Da tsani?"

"Ba shi zai hau ba. Shi faɗa wa masu zuwa yake yi."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen. Ya fi bishiyar mangwaron gidan tsawo, da wani farin akwati a samansa.

Baba Ɗanladi ya juyo kaina. "Elisha. Kai ne ka yi shekara bakwai a Yukren kana karatun waya."

"Wutar lantarki na karanta, Baba."

"Duk waya ce. Ka shiga ka gano mana da wa yake magana."

"In ya ƙi fa?"

"To ya sauke ƙarfen nan, ya ƙetare Tudun Wada wajen 'yarsa. Mu mun yi haƙuri. Samarin layin baya ba su da irin haƙurinmu." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ba ka nan lokacin da aka yi abin. Kada ka je ya yi maka daɗin baki."

Gaskiya ne, ba na nan. Wata biyu da dawowata, kuma kullum sai wani ya tuna mini.

Na je ranar Litinin bayan azahar, da testa a aljihu, da niyyar in ce na zo duba masa wuta. Ƙofar a buɗe take.

"Shigo, Injiniya," in ji shi daga ciki. "Ajiye testar, ba abin da ya lalace. Ɗanladi ne ya aiko ka ko Maman Judith?"

"Duka biyun."

"Madalla. Jawo kujera."

Dogon mutum ne, sama a bushe, ƙafafu a kumbure har sun yi sheƙi. Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi a tsakiyar jimla. A kan teburinsa akwai kwamfuta, da sandar tuƙi irin ta wasa, da kofin shayi da ya huce. A bango akwai taswirar Kaduna da aka zana da hannu. An zagaye wurare huɗu da jan biro. Na karanta su tun kafin in zauna: bututun hayaƙin masaƙa a Kakuri, tashar jirgin ƙasa, Cocin Albishir, gada.

"Ɗana ne ya aiko da na'urar daga Jidda," in ji shi. "Kanikancin jirage yake yi a can. Ƙarfen da ke damunku kuwa intanet yake jawo mini daga shagon bakin mahaɗa. Ka je ka tambayi mai shagon. Ɗan cocinku ne."

Na riƙe kalmar Jidda. Na san yadda za ta sauka a kan bencin Baba Ɗanladi.

Ya kunna. Gaban ƙaramin jirgi ya bayyana a fuskar kwamfutar, da agogai birjik. Ya ce mutane ne a duniya, kowa a ɗakinsa, kowa da jirginsa, duk a sama ɗaya. Wasu kuma ba sa tuƙi, hasumiya suke zama, su ce wa wannan sauka, su ce wa wancan jira.

"Landan kullum da mutum a hasumiya. Kaduna babu. Wa zai zauna a ɗakinsa a Jamus yana gadin Kaduna?"

"To sai yaya?"

"Sai ƙa'ida. Filin jirgin da babu kowa a hasumiya, matuƙi ne ke faɗin kansa. Wane ne kai, ina kake, tsayinka nawa, me za ka yi. Kafin ka motsa ka faɗa. Za ka hau titin jirgi ka faɗa. Ka zo kan alama ka faɗa. Ka sauka, ka bar titi, ka faɗa."

"Wa ke ji?"

"Duk wanda ke kusa."

"Akwai wani kusa yanzu?"

Ya duba wani ɗan jeri a gefe. "Babu."

"To don me?"

"Jerin nan yana makara. A sama na gaske ma babu jerin. Wanda zai kashe ka shi ne wanda ya ɗauka shi kaɗai ne, ya yi shiru."

Ya tashi jirgin daga Jos. Kusan awa ɗaya ina zaune ina kallon ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa tana wucewa. Da ya matso Kaduna sai ya gyara zama, muryarsa ta canza, ta zama ta wani mutum mai ƙarfi fiye da shi. Da Turanci ya faɗa, a hankali, kalma-kalma: jiragen da ke yankin Kaduna, ƙaramin jirgi ne daga Jos, ƙafa dubu uku da ɗari biyar, a kan Cocin Albishir ƙarfe uku da minti ashirin, daga nan sai gada. Sannan ya rubuta abin da ya faɗa da yatsu biyu, ya aika.

"Ashe rubutawa ake yi," na ce. "Ba sa ma jin muryarka."

"A irin wannan filin, rubutu kawai suke karɓa."

"To me ya kawo faɗa da baki?"

"Baki ne ke kama kuskure. Hannu zai rubuta hagu alhali dama kake nufi, ba ka sani ba. In ka faɗa, kunnenka ya ji. Haka aka koya mana."

Na matsa kusa da fuskar kwamfutar. Layin kogi ne kawai a ƙasa, da wasu tabo masu kama da gari. "Ina cocin?"

"Babu ita a ciki. Waɗanda suka ƙera abin ba su san Barnawa ba. Ni na san inda take."

"Me ya sa coci? Ba masallaci?"

"Hasumiyarku ta fi komai tsawo a wannan gefen, rufin kuma ja ne. Ku kuka zaɓi fentin, ba ni ba."

Ya ba ni tarihinsa a taƙaice, ba don in tausaya ba. Ya koyi tuƙi a Zariya yana saurayi, har ya tashi shi kaɗai sau uku. Sai likita ya ji wata ƙara a zuciyarsa. Ya yi shekara talatin a ɗakunan rediyo na ƙananan filaye yana sauraron wasu suna faɗin inda suke.

Ban yarda da shi duka ba. Mutum zai iya yin wasa, ya kuma saka saƙo a cikin wasan. Na ce ya nuna mini duk abin da ya aika, ya nuna. Tsayi ne, da lokaci, da sunayen wurare. Babu amsa ko ɗaya.

"Baba, ka daina kiran sunan cocin mana. Ka ce wani wuri."

"In faɗi inda ba na nan?"

"To ka rufe taga."

"In rufe taga in shaƙi me?"

"Sun ce in ba haka ba ka ƙetare."

"Ta ƙofar nan aka fitar da matata," in ji shi, idonsa a kan agogan jirgin. "Ta nan za a fitar da ni. Ka gaya wa Ɗanladi ya ƙara haƙuri, ba zan daɗe ba."

Da yamma na kai rahoto. Na faɗi jirgin, na faɗi ƙa'idar, na faɗi taswirar. Jidda ce kawai ban faɗa ba.

Uche ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Wato tsohon nan gem yake bugawa, mu kuma ba ma barci!"

Baba Ɗanladi bai yi dariya ba. Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa, kuma ƙaninsa yana cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba a rikicin farko.

"Mai shekara sittin da biyar," in ji shi, "ya zagaye cocinmu da jan biro, kullum yana faɗin lokacin da zai iso kanta, kai kuma ka zo kana ce mini wasa."

"Ba wanda ke amsa masa, Baba."

"Wanda ake aika wa saƙo ba dole ne ya amsa ba."

Ni ma na yi wannan tunanin.

Aka daɗe ana ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ƙarfen zai zauna, shi ma zai zauna, da sharaɗi: duk lokacin da zai kunna na'urar, ina wurin, ina karanta abin da ya aika. Ranar da wani ya amsa, in zo in faɗa.

Da na gaya wa Malam Usman sai ya ce, "Wato sun ba ni mataimakin matuƙi. Ka yi mini godiya."

Mako uku muka yi a haka. Ba ni da aiki, takardun neman aikina suna yawo a ofisoshi. Ƙarfe biyu in shiga, ƙarfe huɗu in fito. Ba mu zama abokai ba. Ba ya tambayata Yukren, ba na tambayarsa matarsa. Ina karantawa, yana tuƙi. Ta taga ina jin Maman Judith tana aikinta, kuma na lura duk lokacin da ya fara sanarwa sai ƙarar tukwane ta tsaya.

"Ina wuni, Maman Judith," yakan ce idan ya gama. "Mun sauka lafiya."

Ba ta taɓa amsawa ba.

Jikinsa yana ta ja baya. Jimlar da yake faɗa da numfashi biyu ta koma huɗu. Ya daina kwanciya, a kujera yake barci. Wata Juma'a 'yarsa Balaraba ta zo daga Tudun Wada da kular abinci, ta same ni a ɗakin.

"Wannan fa?"

"Mai gadina ne," in ji shi.

Ba ta yi murmushi ba. Ta durƙusa a gabansa ta yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne. "Baba, ɗaki yana nan an share. Asibiti yana kusa da mu. Mutanen nan ba sa son ka. Dubi har ɗan leƙen asiri suka saka maka."

"Shi ne yake miƙo mini ruwa."

"Kuma kana sha?"

Na tashi na fita tsakar gida har ta gama.

Ranar Alhamis ta mako na uku ya sake tasowa daga Jos. Ya wuce Kakuri da ƙyar, sanarwar ta fita guntu-guntu. Sai wani layin rubutu ya bayyana a ƙasan fuskar kwamfutar, wanda ba shi ya rubuta ba.

Na karanta da ƙarfi. Babban jirgi ne daga Legas, yana saukowa Kaduna, minti tara ya rage masa, titin da Malam Usman zai sauka shi ma nan ya nufa.

Tsohon ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. Ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, tari ya kama shi. Hannunsa ɗaya a kan sanda, ɗayan a kan ƙirji.

"Injiniya," ya ce da ƙyar. "Faɗa."

Na jawo madannan kwamfutar zan rubuta.

"Da baki. Tukuna."

"Baba, taga a buɗe take."

"Bai san... muna nan ba."

Mako uku ina jin jimlar, na haddace ta ba da niyya ba. Na faɗa. Jiragen da ke yankin Kaduna, ƙaramin jirgi daga Jos, ƙafa dubu uku, a kan Cocin Albishir ƙarfe uku da rabi, daga nan sai gada, sai titi.

"Dubu biyu... da ɗari takwas," ya gyara, yana nuna agogo da haɓa. "Sake."

Na sake, da ƙarfi. Sannan na rubuta na aika. Ta wajen taga ba a jin motsin komai.

Amsar ta zo bayan ɗan lokaci. Na ji ka, ƙaramin jirgi. Ban san kana nan ba. Ka fara sauka, ni zan zagaya.

Malam Usman ya rufe ido ya buɗe. Na yi masa sanarwar gada, na yi ta juyawa, na yi ta ƙarshe. Saukar ba ta yi kyau ba, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle sau biyu kafin ya zauna. Tsohon ya ja shi gefe.

"Ka ce... mun bar titi."

Na faɗa, na rubuta. Wancan ya rubuto godiya, ya sauka bayanmu, ya ɓace daga jerin.

"Wane ne?" na tambaya.

"Oho."

"Ba suna?"

"Lamba ce. Ina ruwanmu... da sunansa." Ya jingina. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. "Ka gani?"

"Na gani."

A ƙofar gidan na samu Baba Ɗanladi da Maman Judith suna jirana, da wasu maza uku.

"Mun aike ka ka saurara," in ji Baba Ɗanladi. "Ka koma kai ne mai faɗa."

"Numfashinsa ne ya ƙare."

"Muryarka na ji," in ji Maman Judith. "Sau biyu ka kira cocin da aka yi maka baftisma a ciki. Har yana gyara maka lamba."

"An amsa?" in ji Baba Ɗanladi.

Da na ce a'a, da maganar ta mutu a nan. Sharaɗin kuwa shi ne in faɗa.

"An amsa."

"Wa?"

"Ban sani ba."

"Daga ina?"

"Ban sani ba. Wani ne mai irin wasan. Ya ce mu fara sauka."

"Ku fara," in ji ɗaya daga cikin mazan. "Shi yana baya."

"Mai shagon intanet ya ce daga Jidda aka aiko da na'urar," in ji Baba Ɗanladi. "Ka sani?"

"Na sani."

"Ka ɓoye mana."

Nan take aka yanke. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci za a sauke ƙarfen, a samo mota, a kai shi Tudun Wada ko yana so ko ba ya so. Ni kuma kada a sake ganin ƙafata a gidan.

A gida mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Kai za ka samu aiki ka tafi Abuja. Ni a layin nan zan zauna."

Ranar Juma'a ban je ba. Ba wanda ya riƙe ni. Na zauna a ɗaki ina sake rubuta takardar neman aiki. Ƙarfe biyu ta yi, huɗu ta yi, ban ji komai daga gidansa ba.

Ranar Asabar da hantsi Maman Judith ta buga mana ƙofa. Hannunta da kumfar sabulu.

"Tun jiya ban ji shi ba."

"Ai abin da kuke so ke nan."

"Ko tari ban ji ba. Kullum da asuba ina jin butarsa. Yau babu. Je ka duba."

"An hana ni."

"Ni na ce ka je."

Yana kan kujerarsa, na'urar a kashe, babu wuta tun safe. Leɓɓansa sun yi duhu. Idonsa a buɗe, ya gane ni.

"Injiniya. Ka yi... fashi jiya."

"Na yi."

"Lahadi suka ce ko?" Ya ja iska. "Na ji. Taga ba... gefe ɗaya take ji ba."

"Bari in nemo mota mu je asibiti."

"Balaraba. Lambar... a bayan ƙofa." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Ka ce wa Ɗanladi... kada ya wahala... neman mota."

Na kwafi lambar a tafin hannu, na ruga bakin titi wajen mai waya a ƙarƙashin lema. Sai a kira na huɗu ya shiga. Na ce mata ta zo yanzu. Ta ce, "Me kuka yi masa?" Na ce ta zo kawai.

Da na dawo, Maman Judith tana cikin ɗakin. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, ban taɓa jin ta shiga gidan ba. Tana tsaye a gefen kujerar da kofin ruwa a hannu, cike.

"Ya faɗi wani abu da Larabci," in ji ta. "Na bar shi ya gama." Ta dubi kofin. "Bai sha ba."

Na taɓa wuyansa. Na rufe masa ido, na ɗauko zanen gado na lulluɓe shi. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata.

Sun iso bayan azahar a farar bas, da makara a ciki. Direban ya tsaya a bakin layi, gaban ƙarfen shingen da aka kafa tun rikicin farko, ya ƙi kashe injin. Balaraba ta sauko da mijinta da wasu maza biyu. Duk layin ya fito, kowa a ƙofar gidansa. Ba wanda ya matso.

Mijin ya ɗaga zanen ya daɗe yana duba fuskar, ya duba wuya, ya duba hannaye.

"Wa ke wurin?" ya tambaye ni.

"Maƙwabciyarsa."

"Kai fa?"

"Na je kiran ku."

"Me ya ci? Me ya sha?"

"Ban sani ba. Jiya ban zo ba."

"Kullum kana zuwa, jiya ba ka zo ba, yau ya rasu."

"Haka ne."

Balaraba ce ta tsayar da shi. "Ciwonsa ne. Likita ya faɗa tun bara. Ku ɗauke shi mu tafi, a samu a yi masa sutura kafin la'asar."

Suka sa shi a makara. Su uku ne, makara kuwa kusurwa huɗu gare ta, ga shi dogo, ga ƙofar ƙarama. Mijin ya leƙa waje ya kira direban da hannu, direban ya girgiza kai. Ya dubi mazan layin. Ya dube ni.

"Kama nan," in ji shi. "Zuwa mota kawai."

Na kama. Ya fi yadda na zata nauyi. Muka fito ta ƙofar da ya ce, muka bi layin a hankali, gida bayan gida. Uche ya cire hularsa. A bakin shingen Baba Ɗanladi yana tsaye da makulli a hannu. Akwai 'yar hanyar ƙafa a gefe, amma makara ba za ta wuce ta nan ba. Ya dubi zanen, ya dube ni, sannan ya buɗe kwaɗon ya ɗaga ƙarfen da kansa, ya riƙe har muka wuce.

"Allah ya ba ku haƙuri," ya ce wa mijin Balaraba.

"Amin," in ji shi, bai juyo ba.

Balaraba ta koma da sauri ta ja ƙofar gidan ta sa kwaɗo, ta jefa makullin a jaka. Ba ta ɗauki komai ba. Bas ɗin ta juya ta nufi gada.

Na ba Baba Ɗanladi saƙon Malam Usman a nan bakin shingen, yadda aka ba ni. Ya ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ya mayar da kwaɗon ya kulle.

Dab da magariba aka kawo wuta. Yaran layin baya suka yi ihun da suka saba. Ina tsaye a ƙofar gidanmu sai na ga ƙwan lantarki ya kama a ɗakin Malam Usman, labulen tagar ya kumbura ya koma, ya sake kumbura.

Baba Ɗanladi yana dawowa daga shago da burodi a leda. Ya tsaya cak.

"Wa ke ciki?"

"Fanka ce, Baba. Ba a kashe ba."

Ya je ya taɓa kwaɗon, ya ja shi sau biyu. Sannan ya koma tsakiyar layi ya tsaya, ledar a hannunsa, yana kallon labulen yana shiga yana fita.